A Riƙa Kawo Mana Labarin Binciken Antatika

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon jaridarku ta riƙa ba da fili ga binciken kimiyyar da ake yi a kudancin duniya, musamman a Antatika. A can ne, a tashar bincike ta Halley, masanan Birtaniya suka shafe shekaru suna auna iskar sama cikin tsananin sanyi, har suka bayyana a 1985 cewa shimfiɗar ozon mai kare fatarmu daga hasken rana mai cutarwa ta sirance ƙwarai. Binciken ya ƙarfafa yarjejeniyar Montreal ta 1987 tsakanin ƙasashen duniya, wadda ta taka wa iskar CFC birki, wato gas ɗin tsofaffin firji mai lalata shimfiɗar ozon. Har yau raina yana ɓaci idan na ga mai gyaran firji a unguwarmu yana sakin tsohon gas cikin iska.

Naku,
Mai karatu daga Zariya