Siminti da fenti ba za su zauna a bakin tafkin Jabi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar Asabar ya ce wai a yi mutum-mutumi na siminti, a shafe shi da fenti, a kafa shi daf da ruwa a tafkin Jabi da ke Abuja, ba tsada kuma zai daɗe. Wannan magana ta ɓata min rai ƙwarai, kuma abin da ya ƙara ɓata min rai shi ne mai gabatarwa bai tambaye shi ko da tambaya ɗaya ba. Duk birkilan da ya san aikinsa zai gaya muku ba haka ba ne.

Abin da ake kira mutum-mutumin siminti rodi ne da waya a ciki, aka yaɓa musu siminti da yashi. Kafin rodi ya tsira daga tsatsa a wuri mai danshi, sai kankare ya rufe shi da kaurin da ya kai inci 2 ta kowane gefe. To ina inci 2 a yatsa, ko kunne, ko bakin riga? A nan tsatsa take farawa. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya tura simintin daga ciki, ya tsage, ruwan sama ya sami ƙofa, tsagar ta ƙara buɗewa. Damina a Abuja daga Afrilu take har Oktoba, daga nan hunturu ya busar da komai, rana ta gasa shi a Maris. Fentin ya kumbura ya ɓare, jan ruwan tsatsa ya zubo ta fuska, gansakuka ta kama gefen da rana ba ta bugawa. Ba jimawa hannu zai faɗi, rodi ya leƙo tsirara a wurin da yara suke guje-guje.

Sai tushe. Ƙasar bakin tafki laka ce mai shan ruwa, ta kumbura da damina ta motse da rani. In aka haƙa ƙafa 2 aka zuba kankare aka ɗora nauyi, karkacewa zai yi. Dole a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a ja baya nesa da inda ruwa yake kaiwa in tafkin ya cika a Satumba, a yi haɗin awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, kuma kada a ɗora masa komai sai ya kwana 28. Ɗan kwangilar da ake matsa wa ya gama kafin ranar buɗewa ba zai jira wannan ba, kowa ya sani.

Da wani mai kira ya kawo batun tagulla, baƙonku ya amsa da "ai duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Tagulla tana son wanki da shafa kakin zuma kamar sau 2 a shekara, kuma in aka ɗaure ta da kusoshin baƙin ƙarfe, danshi zai cinye kusoshin. Sannan a garin da ake kwashe murafun magudanar ruwa daga kan titi a sayar wa 'yan jari-bola, wa zai kwana yana gadin tagulla?

Ban ce sassaƙa ba ta dace da bakin tafki ba. Ta dace, in an yi ta da dutse. Ga Mpape nan kusa, inda ake fasa dutse kullum. Dutsen nan ba ya tsatsa, ba ya son fenti, ɓarawo ba ya ɗaukarsa. A yi shi gajere, kada ya wuce kafaɗar mutum, a goge kaifinsa, a ajiye shi gefen hanyar masu tafiya don kada ya tare wa mai zaune ganin ruwa da kwale-kwale, wanda shi ne ya kawo shi wurin. Kuma ba sai an yi surar mutum ba, wadda da yawanmu Musulmi ba ma sakewa da ita, ga shi mutane kan shimfiɗa darduma su yi salla a kan ciyawar. Ga dagin Arewa. Ga siffar tulunan Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan Naira 20, 'yar wannan yanki ce daga Kwali. Wannan bai zo bakin kowa ba a cikin shirin.

Wani abu kuma, don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin muryar masu kira. Dattijon da ya kira daga Nyanya ko rabin maganarsa ba a ji ba, kuka kuma katse shi don talla.

Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato masassaƙin dutse da injiniyan gini su zauna tare da wancan baƙo.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Utako, Abuja