Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wanda ya kira karanta wa yara littafi lalaci

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

A taron iyaye da malamai da ya gabata ka miƙe, ka ɗaga takardar da na jera littattafan da nake karanta wa 'yan aji uku a kowane zango bisa yanayin shekara, ka jefo tambaya uku. Ka ce wa ya zaɓi littattafan nan, kuma wa yake cin moriyar sayensu. Ka ce me ya haɗa damina da hunturu da jarrabawa. Sannan ka ce malamar da za ta kwashe minti ashirin tana karanta wa yara labarin kwaɗi da ganyen bishiya, lalaci ne kawai ta yi wa kwalliya da sunan tsari. Ba a ba ni damar amsawa a wurin ba, aka ce lokaci ya ƙure. Washegari kuma ka maimaita maganar a rubuce inda kowa zai gani. Tunda a bainar jama'a ka yi, a bainar jama'a zan amsa.

Da maganar lalacin zan fara, don ita ce ta tsaya mini a rai. Da cewa ka yi ban iya aikina ba, da na zauna mun tattauna. Lalaci kuwa zargi ne a kan amana, kuma na daɗe a aikin nan har wasu daga cikin yaran da na koya wa haɗa baƙi da wasali yau su ke kawo mini nasu 'ya'yan. Ka tambaye su ko sun taɓa ganina zaune a aji ina gyangyaɗi.

Littafin da ka ga na gama cikin minti ashirin, na riga na karanta shi ni kaɗai kafin yara su gan shi, da murya a fili, don in ji inda numfashi zai yanke da inda jimla za ta yi wa ɗan shekara takwas tsawo. Da fensir nake bi. Ina sa ɗigo a inda zan tsaya in tambaye su abin da suke tsammani zai faru, ina ja layi ƙarƙashin kalmomi uku ko huɗu da nake so su fita da su daga ajin. In hoton shafi ƙarami ne, sai na tsara yadda zan zaga da shi har na bencin baya su gani ba tare da zaren labarin ya tsinke ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe kuma a tsaye nake karantawa, ido ɗaya a kan shafi, ɗaya a kan yaran nan biyu da in aka ƙyale su za su fara tsokanar juna. A cika allo da rubutu a ce yara su kwafa, malama ta koma kujera ta huta, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da haka nake yi, da ba ka taɓa ɗaga murya a kaina ba, don littafin yaro zai koma gida cike da rubutu, kai kuma ka ce an yi aiki.

Ba ni na ƙirƙiro abin nan ba. Tun a 1985 wani kwamitin masana karatu a Amurka ya fitar da rahoto inda ya ce karanta wa yara da murya shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci wajen gina ilimin da yaro yake buƙata kafin ya zama makaranci. A 1986 kuma Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu abu biyu ne ke haɗuwa: iya fitar da kalma daga haruffa, da iya gane harshen da aka rubuta kalmar da shi. Suka ce ninka su ake yi, ma'ana in ɗaya babu, sakamakon babu. Na farkon a allo nake koyar da shi kullum, kuma ban rage masa ko minti ɗaya ba. Na biyun ta kunne yake shiga. Yaro ɗan aji uku yana iya gane labarin da ya fi ƙarfin karatunsa in an karanta masa, kuma a nan yake tsintar kalmomi da salon jimlar da ba ya ji a hirar yau da kullum. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi. Na ga irin yaran nan da idona: yaro ya karanta shafi tsaf ba tuntuɓe, ka ce me ya faru a ciki, ya yi maka zuru. Su nake ƙoƙarin kada yaranku su zama.

Sai batun yanayi, wanda ka yi wa dariya. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba ɗaliban ƙaramar sakandare wani rubutu kan besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Abin da suka gano shi ne, yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan sun fi gane rubutun da tuna abin da ke ciki a kan waɗanda suka ƙware a karatu amma ba su san wasan ba. Abin da yaro ya riga ya sani shi ke buɗe masa shafi. To a aji mai yara da yawa, wani gidansu akwai littattafai, wani bai taɓa ganin ko ɗaya ba, wane ilimi ne duka suka yi tarayya a kansa? Yanayin da suka ratso suka zo makaranta. Duk sun jiƙe da ruwa ɗaya, duk iska ɗaya ta busar musu da leɓe. Ɗan mai hali da ɗan talaka a nan suka zo ɗaya, shi ya sa nake fara gini daga nan.

Bari in nuna maka yadda abin yake. A farkon damina na karanta musu wani ɗan littafi kan talibamban da ya zama kwaɗo. Da na kai shafin da ƙafafun baya suka fara fitowa, sai wani yaro a bencin ƙarshe, wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba sai in ana kiran suna, ya ɗaga hannu. Ya ce ya gan su a kududdufin da ke hanyarsa, kuma wutsiyar ba ta guntulewa, raguwa take yi a hankali. Gaskiya ya faɗa, jikin ne yake shanye ta, kuma littafin bai kai ga faɗin haka ba tukuna. Duk ajin suka juya suna kallonsa. Da muka buɗe shafi na gaba ga hoton nan kamar yadda ya ce. Ranar ya rubuta jimla uku da kansa, ya zana kududdufin a ƙasa. Da a tsakiyar rani na karanta littafin nan, da labari ne kawai ya wuce, babu kududdufin da zai tuna. Haka in bishiyoyi suka fara zubar da ganye, sai in ɗauko littafin da ya yi bayanin cewa bishiya tana yin haka ne don ta rage asarar ruwa, in tura yara biyu su tsinto busassun ganyaye a harabar makaranta mu ajiye kusa da hoton. Darasin kimiyya ke nan, da na harshe, da na lura, a zama ɗaya. Kana tambayar me ya haɗa wannan da jarrabawa? Buɗe takardar jarrabawar harshe ka ga ko ba ɗan labari ake ba yaro a ce ya amsa tambayoyi a kansa ba.

Zaɓin kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, kuma a nan yawancin lokacina yake tafiya. Duniya a karkace take da kusan digiri 23.5, shi ya sa yanayi ba ɗaya ba ne ko'ina. A watan Disamba yaro a Kanada yana tafiya cikin dusar ƙanƙara, takwaransa a Ostareliya yana tsakiyar zafi. A Indiya ruwan da ake jira yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba. Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu kuma dare da rana kusan sa'a 12 ne kowanne duk shekara, abin da ke canzawa shi ne ruwa da fari. Littattafan yara masu kyan hoto da yawa an rubuta su ne don ƙasashe masu yanayi huɗu, kuma malamin da ya ɗauko jerin da aka tsara wa wata nahiya ya bi wata-wata zai tsinci kansa yana karanta abin da ya saɓa wa abin da yara ke gani ta taga. Don haka ba kalanda nake bi ba, sama nake kallo. In ruwa ya yi jinkiri, littafin ruwa yana jira. Na sha mayar da littafi mai kyau cikin kabad saboda labarin ba shi da rai, an dai manna masa hoton gajimare ne don a ce na damina ne. Littafin da ba zan iya karanta shi da daɗi a kowane wata ba, ba na karanta shi don kawai lokacinsa ya zo.

Ba wai na haramta wa yara dusar ƙanƙara ba ne. Wata masaniyar adabin yara, Rudine Sims Bishop, ta rubuta a 1990 cewa littafi yakan zama wa yaro madubi ya ga kansa, yakan kuma zama taga ya hango wasu. Duka biyun nake so, amma madubin nake gabatarwa. In yaro ya gama ganin sanyinsa a shafi, sai in kawo masa sanyin wata ƙasa, ya kwatanta da kansa. Labarin tsuntsayen da ke barin Turai in sanyi ya shigo su ƙetare hamadar Sahara yana cikin waɗanda suka fi so, don a nan suke gane cewa yanayin wani wuri yana da alaƙa da nasu.

Littattafan bukukuwa ma suna cikin jerin, kaɗan. Shekarar da ake lissafa ta da wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kusan kwana 11, saboda haka bukukuwan da ke bin wata suna zagaya yanayi duka, dole kowace shekara in sake jera su. Yaran da ke gabana ba gida ɗaya suka fito ba, kuma ba na karanta abin da zai sa ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai. Wa'azi ba aikina ba ne a wannan minti ashirin ɗin.

Maganar wa yake cin moriya ba zan daɗe a kanta ba. Ni na zaɓa, shugabar makaranta ta duba ta sa hannu. Yawancinsu a kabad ɗin makaranta suke tun kafin in zo, wasu aro ne, wasu da albashina na saya. Babu mai sayar da littafin da ya san sunana. Takardun suna ofis ga duk mai son gani.

Abin da nake so ka amsa mini shi ne wannan. Takardar nan tun farkon zango take manne a ƙofar ajina. Ka sha wucewa ta gabanta, mun sha gaisawa, ba ka taɓa tsayawa ka ce Malama me ake nufi da wannan ba. Sai da zaure ya cika, ana saura kaɗan a zaɓi sabbin shugabannin kwamitin iyaye, sannan ta zama abin ɗagawa sama. Ruwa ba ya tsami banza. Neman kujera ba laifi ba ne, amma da mutuncina ka nemi tafi ranar, kuma a cikin masu sauraro akwai iyayen yaran da zan tsaya gabansu washegari.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, shi ya sa abin ya ƙara yi mini zafi. Malamin firamare kowa gani yake ya fi shi sanin aikinsa. Wanda bai taɓa riƙe aji na rabin sa'a ba shi ke tsara mana jadawali, ya cika shi har babu wurin da yaro zai yi tambaya. A kawo littattafai a kwali ba a tambaye mu wane iri muke buƙata ba, a kulle su a kabad don kada su yage, mabuɗin yana aljihun wanda ba ya nan. Mai duba makaranta ya zo ya ƙirga shafukan da yara suka cika, bai tambayi ko ɗaya me ya gane ba. In sakamako ya yi kyau a yabi tsari, in ya lalace a nemo malama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu ba a tambayarmu sai an zo ɗora laifi. Na san malamai matasa da suka fara karanta wa yara da ɗoki, suka daina saboda magana irin taka, suka koma kwafe-kwafen allo don a bar su su sha iska. Wannan asarar ba ta fitowa a rahoton kowa, yaran ne ke ɗauke da ita su wuce aji na gaba.

Ina karantawa kullum bayan an dawo daga tara. Ka zo duk ranar da ka ga dama, ba sai ka sanar da ni ba, akwai wuri a bencin baya. In an gama ka zaɓi yaro uku da kanka ka tambaye su abin da suka ji. In ka ga lalaci, ka sake faɗa a taro na gaba, ina zaune zan saurara. In ba ka gani ba, ina so ka janye kalmar nan a rubuce, a wurin da ka rubuta ta.

Wassalam,
Malamar aji uku