Kafin ku rubuta "shi ne na farko a duniya", a leƙa tsoffin takardu tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Ni mai gyaran waya ne a nan Kano, na haura shekara goma ina ɓare sikirin ina liƙa wani, kuma abin da yasa na rubuto shine wata ɗabi'a da ta zame wa kafafenmu na Hausa jiki, da zarar wani matashi ya harhaɗa wani abu sai kaji ance "ya ƙirƙiro abin da ba'a taɓa yi ba a duniya", in kuwa ya samo takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda 'yan boko ke cewa fatent, to shikenan an gama magana, duk wanda yace uffan ya zama ɗan baƙin ciki. To ni na yarda a kirani ɗan baƙin cikin, amma dan Allah ka bani fili in faɗi abin da na gano.

Akwai wani yarona a shago, yaro ne mai kai wallahi, bana raina shi ko kaɗan. Matattun sikirin na laftof da muke tarawa a kwali shi ya fara ɗiba, sai ya cire gilashin gaba mai nuna hoto ya bar abin da ke baya, ga wanda bai taɓa buɗewa ba a bayan akwai wani siririn layi na 'yan ƙwayayen LED a gefe ɗaya, sai faranti na roba garai-garai mai ɗigo-ɗigo a jikinsa wanda yake ɗaukar hasken nan daga gefe ya baza shi ko'ina, sai farar takarda a ƙasa mai maido haske, sai wasu ledoji biyu ko uku a sama masu tace shi ya fito sumul ba ya kashe ido. Ya jona masa batir da ɗan faifan sola ya zama fitilar ɗaki, haskenta kamar an buɗe taga da hantsi. Ya ɗauki bidiyo ya ɗora a TikTok, ai kuwa nan da nan mutane suka yi caa, wannan yace ya garzaya Abuja yayi rajista kafin 'yan China su sace, wancan yace gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Yaro ya daina barci. Ni kuma da dare sai na shiga Google Patents, wanda kyauta ne ga duk mai data, na rubuta 'yan kalmomi akan fitila mai faranti mai baza haske daga gefe, Malam Edita takardu suka yi ta zubowa har na gaji da gungurawa, na Japan na Koriya na Amurka, wasu tun kafin a haifi yaron.

Wannan ne ya sani na zauna na bi yadda ake tantance irin waɗannan takardu a ƙasashen da suke yin sikirin ɗin. A Amurka in ka kai buƙatarka ofishinsu da ke Alexandria a jihar Virginia, ba tambari kawai za'a buga maka ba, jami'i ne za'a ba wanda ya karanci fannin, kuma ba zanenka mai kyau ko dogon bayaninka ne ya dame shi ba, yana zuwa ne kai tsaye ƙarshen takardar wajen jerin da'awoyi, inda kace "abu kaza mai ɗauke da kaza da kaza da kaza shine nawa". Wannan jerin tamkar iyakar gona ne. Sai ya shiga tono duk abin da duniya ta riga ta sani kafin ranar da ka shigar, tsohon fatent ne ko mujallar masana ko littafin bayanin kaya ko bidiyo, da kowane yare, ni dai tsohon sani nake ce masa. In ya samu takarda ƙwaya ɗaya da ta ƙunshi duk abubuwan da ka lissafa to ya watsar da da'awarka a ƙarƙashin sashe na 102 na dokarsu, wato abin ba sabo bane. Da fitilar yarona ce, nan za ta tsaya.

To sai kace ai tawa akwai sola, waccan babu. Nan ne sashe na 103 yake jiranka, kuma shine mai cin mutane. Jami'in zai ɗauko takarda ta biyu mai nuna fitila da sola ya ajiye kusa da ta farko yace duk wani ma'aikaci mai matsakaicin sani a wannan sana'a zai iya tunanin haɗa biyun nan, don haka babu wata fasaha a ciki. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara wa wannan sashe ƙarfi a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex, wadda ma ba akan sikirin akayi ba, akan totur ɗin mota ne da aka liƙa wa na'urar lantarki, amma hukuncin ya shafi kowa, haɗa tsoffin abubuwa biyu kowanne yana aikin da aka san shi da shi ba ya zama ƙirƙira. Abin da ya burgeni shine a can wannan ƙin amincewar ta farko ba abin kunya bace, yawancin masu nema sai sun sha ta, har manyan kamfanoni. Ana baka wata uku kayi raddi, ana iya ƙara maka zuwa shida in ka biya, sai lauyanka ko dai ya nuna jami'in bai fahimci tsohuwar takardar ba ko ya matse iyakar gonar, ya bar faɗin "duk wani sikirin mai kaza" ya koma "sikirin mai kaza wanda aka jera shi ta wannan hanya takamaimai". Ciniki ne sosai kamar na kasuwa, kai kana ja shi yana ja har a tsaya inda naka na gaskiya yake.

Kuma fannin sikirin ya fi ko'ina cunkoso saboda an daɗe ana noma gonar. Ruwan nan mai halin ƙanƙara da ke cikin LCD, wato irin sikirin laftof ɗin nan, tun 1888 wani masanin tsirrai Friedrich Reinitzer ya ci karo da shi. Dabarar da ke cikin agogon hannu da kalkuleta, inda ake murɗa ƙwayoyin ruwan su juya haske tsakanin ledoji biyu, in an saka wuta su warware hasken ya toshe wajen yayi baƙi, Martin Schadt da Wolfgang Helfrich na kamfanin Roche sun shigar da ita a Suwizalan ranar 4 ga Disamba 1970, shi kuma James Fergason a jihar Ohio ya shigar da kusan iri ɗaya a Amurka a farkon 1971, 'yan watanni ne tsakani. A lokacin Amurka wanda ya riga ƙirƙira take bi ba wanda ya riga kai takarda ba, Fergason ya samu fatent ɗin can, daga baya Roche ta saye haƙƙinsa. Sai a Maris 2013 Amurka ta koma bin wanda ya riga shigarwa kamar sauran duniya. Haka nau'in sikirin LCD ɗin nan mai suna IPS da muke tallata wa kwastoma muna cewa ko ta gefe ka kalla kala ba ta canjawa, Hitachi ne suka fito da shi kasuwa a 1996, amma Günter Baur a Jamus ya shigar da takarda akan dabarar a 1990, kafin shi ma Richard Soref a Amurka ya shigar da ta jera wayoyin wutar a gilashi ɗaya, irin yadda IPS ke yi, tun 1973. Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi.

Sai kuma inda ya fi shafar yaranmu masu saurin ɗora bidiyo. A Janairu 2007 Steve Jobs na kamfanin Apple ya tsaya a San Francisco ya nuna wa duniya iPhone, yana jan hoto da yatsa ya saki hoton ya dawo da baya kamar roba. Sai bayan wasu watanni aka shigar da takardar da ta shafi wannan. A 2013 kotun fatent ta Jamus da ke Munich ta soke fatent ɗin, kuma cikin hujjojin da aka kafa har da bidiyon Jobs ɗin kansa, domin a Turai duk abin da ya fita bainar jama'a kafin ranar shigarwa ya zama tsohon sani ko da kai ka fitar da bakinka. Baki shi ke yanka wuya kenan. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya ga mai abin, Turai babu wannan, mu ma dokarmu cewa tayi duk abin da aka bayyana wa jama'a a ko'ina a kowane lokaci, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani, ya fita daga sabo, in banda ɗan sassauci na wata shida ga wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Kaga ko da fitilar yarona sabuwa ce fil, ranar da ya danna ɗorawa ya fara yanka ta. Kuma ku 'yan jarida da kuke zuwa da kyamara kuce ya buɗe cikin abin ya nuna yadda yake aiki, kuna taya shi riƙe wuƙar ba ku sani ba.

Ko bayan an tantance an bayar ma ba'a tsira ba. In ka ɗora sikirin ɗin OLED na Samsung, wato irin wanda ɗigonsa ke ba da haske da kansu, a ƙarƙashin madubin ƙara girma da muke aikin bod da shi za kaga ɗigon ba layi-layi suke ba kamar na LCD, ja da shuɗi masu siffar daimon ne, koraye ƙanana sun fi yawa a tsakaninsu, shuɗin ya fi girma saboda shi ya fi saurin gajiya. Wannan jerin kansa akwai fatent a kansa, tun zamanin Galaxy S4 a 2013 suke amfani da shi. A Disamba 2022 Samsung Display ta kai ƙarar dillalan kayan gyaran waya guda 17 a hukumar kasuwanci ta Amurka akan sikirin ɗin canji da suke shigowa da su daga China, wato 'yan uwan sana'armu ne na can aka taɓa, irin kayan da muke cewa kwafi. Me kamfanonin China masu yin sikirin irinsu BOE suka yi? Sai suka nufi kwamitin sake duba fatent na Amurka, wanda aka kafa a 2012, da tsoffin takardu a hannu suna neman a soke fatent ɗin. Makamin dai ɗaya ne, kowa tono yake.

Yanzu mu dawo gida, nan ne abin ya ɗaure min kai. Dokar fatent ta Najeriya ta 1970 ce, kuma sashe na 4 ya faɗa ƙarara cewa magatakarda zai duba ne ko takardunka sun cika ka biya kuɗi, in sun cika a baka ba tare da an bincika ko abin sabo ne ba, har dokar ta ƙara da cewa ana bayarwa ne a kan kasadar mai nema babu tabbacin inganci. Ma'ana da yarona ya saida babur ɗinsa ya tafi Abuja kamar yadda aka zuga shi, da alama zai dawo da takarda mai hatimi mu rataye a shago, ku kuma ku buga labari, alhali duk ranar da ya kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya lauyan wancan zai zo da takarda ɗaya ta Japan a soke ta. Bance masu takardar nan duk na bogi bane, akwai masu abin kirki a ciki, amma takardar ita kaɗai ba ta shaida komai akan sabunta, babu wanda ya taɓa ce mata a'a balle ta kare kanta.

Ni abin da na gaya wa yaron shine ya kwantar da hankalinsa, rashin zama na farko bai hana shi cin abinci ba. Fatent shekara 20 yake daga ranar shigarwa, bayan nan na kowa ne, kuma wanda aka yi a Amurka ko Japan kaɗai ba ya aiki a Kano sai in an shigar da shi nan. Tsoffin takardun nan da suka hana shi zama mai ƙirƙira su ne kuma littafin koyo kyauta, da zane da komai, Espacenet, rumbun intanet na ofishin fatent na Turai, shi kaɗai yana da takardu sama da miliyan 100. A ciki ya gano dalilin da yasa ɗigon jikin farantin suke ƙara yawa in ana nisa da ƙwayayen LED, don hasken ya daidaita, shi yasa da in ya yanka farantin ta inda yaga dama gefe ɗaya ke fin ɗaya haske. Yanzu ya san ta inda zai yanka, kuma masu shayi da masu kanti suna saye.

Roƙona gareka Malam Edita, in wakilinka zai je wajen mai ƙirƙira ya fara tambayarsa ko ya shigar da takarda kafin a kunna kyamara, in bai shigar ba a nuna abin daga waje kawai kar a buɗe cikinsa. In kuma ya nuna takarda a tambaye shi wace ƙasa ce ta bayar kuma an yi binciken tsohon sani ko ba'a yi ba, sannan kafin a rubuta kalmar "na farko a duniya" wani a ofis ɗinku ya ɓata minti talatin a Google Patents. In babu mai lokaci ku turo min, bayan la'asar kasuwa tana yin sanyi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai gyaran waya, Kano