Roƙon tallafi daga kwamitin makarantar ikilisiya: azuzuwa uku ba rufi

'Yan'uwa cikin Almasihu, iyayenmu maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Duk wanda ya bi ta bayan majami'a kwanakin nan ya gani da idonsa. Iskar da ta zo da ruwan farko ta yaye kwanon azuzuwa uku, ta nannaɗe shi ta jefar a gonar maƙwabta. Katakon da ya rage kuwa gara ta riga ta cinye cikinsa, kafinta ya danna da yatsa sai ga rami. Bangon gabas ya tsage har ana hango waje. Littattafan da ke cikin kabad sun sha ruwa sun manne, malamar 'yan aji huɗu ta shanya su a rana tana ɓamɓare su shafi-shafi, rabi na yagewa a hannunta.

Yanzu a majami'a yaran suke karatu, aji uku a ɗaki ɗaya, wannan na haddar lissafi da ƙarfi, wancan na ƙoƙarin jin malaminsa. Ranar da ake da jana'iza ko taron Zumuntar Mata, sai a kwashe su zuwa gindin mangwaro. Da hadari ya haɗo a sallame su. Damina kuma yanzu ta soma, ruwan Agusta yana nan tafe, kuma magini ya ce bangon nan ba zai kai kaka a tsaye ba in an bar shi a buɗe.

Mun ji wasu na cewa, to me ya sa ba za a mai da yaran makarantar gwamnati ba, kowa ya huta? Ba mu raina makarantar gwamnati ba, 'yan'uwanmu da yawa a can suke koyarwa, da aminci kuwa. Amma tarbiyyar yaro iyaye Allah ya danƙa wa. A Maimaitawar Shari'a sura 6 ya ce mu koya wa 'ya'yanmu maganarsa muna zaune a gida, muna tafiya a hanya, da kwanciya da tashi. Yaron da ke fita tun safe sai bayan azahar, ina rabin nan na yininsa yake tafiya? Karin Magana 1:7 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin ilimi. Mafari aka ce, ba abin da ake yayyafawa ranar Lahadi kawai ba. Shi ya sa a makarantarmu ake buɗe yini da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, kwamiti kuma yana duba halin malami kafin takardarsa, domin yaro ya fi kwaikwayon abin da ya gani a kan abin da aka rubuta masa a allo.

Haka ma bishara ta shigo ƙasar nan, da allo da alli a hannunta. Dokta Miller, ɗan mishan, ya fara makarantarsa a birnin Zariya kafin ta koma Wusasa a 1929, inda Janar Yakubu Gowon ya yi firamare. A Garkida an fara aikin mishan a 1923, a Gindiri a 1934. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ina amfaninsa in ba wanda ya iya karantawa? Kakanninmu suka buga tubalin laka, mata suka ɗebo ruwa a ka, aka gina azuzuwa. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan, dattawanmu kuma suna nan da rai, ku tambaye su abin da ya biyo baya. Da muka sake gina tamu muka ce wannan tamu ce, mu ne masu ɗaukar malami, mu ne masu tsara yini. To wanda ya ce makaranta tasa ce, rufinta ma nasa ne. Ba gwamnan da zai aiko mana da kwano.

Ba za mu manta da alherin da aka yi mana ba. Zumuntar Mata ce ta sayi bencina da kuɗin ƙosai da kunun da suka sayar. Matasa suka haƙa masai ba a biya su ko sisi ba. Akwai wata gwauruwa, mama ce a gare mu duka, ba ta da jika ko ɗaya a makarantar, amma kowace kaka sai ta aiko da kwanon masara ta ce a ba malamai. Malaman nan kuwa watannin da suka yi haƙuri da albashi Allah ne kaɗai ya ƙidaya.

Sai dai, da girmamawa muke faɗa, littafin alkawuran ranar gidauniya yana nan a hannun ma'aji. An tashi a gaban jama'a an kira buhunan siminti, aka tafa, mawaƙa suka yi waƙa. Har yau wasu buhunan ba su iso ba. Ba za mu kira suna ba, mai shi ya san kansa. Ku kuma 'ya'yanmu da ke Abuja da Jos da Kaduna da Legas, a kan bencin nan kuka koyi rubuta sunanku. Muna ganin gidajen da kuke ginawa in kun zo Kirsimeti, muna murna da su ƙwarai. Ku dai buɗe Haggai sura 1 ku karanta aya ta 4, mu ba za mu ƙara komai a kai ba.

Abin da ake bukata shi ne kwano, katako, ƙusa, siminti da kuɗin aiki, sai littattafan da suka lalace. Tsadar kaya ba sai mun gaya muku ba. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai hatsi ya kawo hatsi za mu sayar, mai ƙarfi ya zo ranar Asabar da shebur. Kada kowa ya ji kunyar ƙanƙantar abin hannunsa.

Ranar Lahadi mai zuwa za a yi baiko na musamman bayan wa'azi. Wanda yake nesa ya nemi ma'ajin kwamiti ko Baba Fasto, za a ba shi rasit, za a kuma karanta abin da ya shigo a taron ikilisiya. Kafinta ya ce da zarar an sauke kwano da katako zai hau, don Allah kada mu sa shi jira.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Kwamitin Makaranta