Godiya ga ma'aikatan ɗakin tarin fuka na asibitinmu, da tunawa da marigayi Baba Likita

Assalamu alaikum warahmatullah.

Wannan saƙo zuwa ga ma'aikatan sashen tarin fuka ne na babban asibitin ƙaramar hukumarmu a nan gabashin Jigawa, tun daga jami'in da ke riƙe da ofishin, da Hajiya nas mai ba da magani, da Malam na ɗakin gwaji, har zuwa matashin nan mai babur da ke bin ƙauyuka. Ban kira sunan kowa ba don na san halinku ba kwa son a yi ta yayata ku, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin nan na ƙarƙashin maina ya san da su wa nake. Na rubuto ne in ce mun gode, ni da iyalina da mutanen ƙauyenmu, sannan in tuna wa jama'a mutumin da ya ɗora ku a kan wannan hanya, likitanmu na cututtuka masu yaɗuwa da Allah ya yi wa rasuwa bara. Mu dai Baba Likita muke ce masa, yaro da babba, har waɗanda suka girme shi ma haka suke kiransa.

Baba Likita ya fara aiki ne a Kano, a Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa, kuma yana sabon likita annobar sanƙarau ta 1996 ta same shi a can. Yaran yanzu ba za su gane abin da ake nufi ba. A shekarar nan mutum sama da dubu 100 suka kamu a Najeriya, sama da dubu 11 suka rasu, galibi a nan arewa, ga ƙyanda da amai da gudawa duk a lokaci guda. Yakan ce mana a lokacin ne ya yanke wa kansa shawara cewa irin cututtukan da mutane ke gudu su zai bi har ƙarshen aikinsa. Kuma wallahi ya cika. Abokan karatunsa wasu sun tafi Saudiyya wasu Ingila, ba laifi suka yi ba kowa da rabonsa, shi kuwa ya tattara ya dawo gida Jigawa inda wutar lantarki sai an ga dama, ya zauna da mu.

Ni ta dalilin ƙanena na san shi sosai. Yaron ya daɗe yana tari, ga zufa da dare har sai an sauya masa riga, ga rama kamar ba ya cin abinci, mun sha sayen maganin tari na kwalba a kemis, an yi rubutu an yi jiƙe-jiƙe, wasu ma har sun fara cewa sammu ne saboda rigimar gona da ake yi a lokacin. Sai da ya fara tofar da jini sannan muka ɗauke shi zuwa asibiti. A gida kuwa an riga an ware masa kwanonsa da kofinsa da ludayinsa, ko yaran gida an hana su ɗaukar abin da ya taɓa, abin yana ci masa rai fiye da ciwon kansa.

Abin da na fara lura da shi, Baba Likita ba a cikin ofis a rufe yake ganin masu tari ba. A baranda yake ajiye kujerarsa ko ƙarƙashin bishiya, in kuma ɗaki ne to duk tagogi a buɗe ko da ana hunturu. Ya zaunar da ƙanena kusa da shi ya tambaye shi sana'arsa da yawan mutanen da suke kwana ɗaki ɗaya, sannan ya juyo gare ni ya ce Malam ku daina wahalar da yaron nan da raba kwano, ba ta kwano ake ɗauka ba, ta iska ce, in ya yi tari ko atishawa a ɗakin da ba taga wanda ke kusa ya shaƙa. Ku buɗe ɗaki rana da iska su shiga, ya riƙa rufe bakinsa in zai yi tari, in ya fara shan magani yadda ya kamata cikin ƴan makonni haɗarin ya ragu ƙwarai. Maganar nan ita ta dawo da ƙanena cikin mutane.

Aka karɓi majinarsa a ɗan gwangwanin roba aka sa a na'urar GeneXpert, wadda ke nuna ko akwai ƙwayar cutar kuma ta nuna ko irin mai bijire wa magani ce. Ba a karɓi ko sisi ba, gwaji kyauta magani kyauta, kuma ina so mutanenmu su ji wannan da kyau don har yau akwai masu zama a gida da tari don tsoron kuɗi. Magani na wata 6 ne, wata 2 na farko ƙwayar maganin tana haɗe da magunguna huɗu, sauran wata 4 magunguna biyu. Tun ranar farko ya gaya mana fitsari zai koma ja-ja saboda ɗaya daga ciki mai suna rifampicin, kar mu tsorata mu ce jini ne. Ya sa aka kawo duk ƴan gidan aka duba su, ƙananan yara aka ba su maganin kariya. Gwajin ƙanjamau ma ya yi bayaninsa a natse, ya ce duk mai tarin fuka ana yi masa, ba zargin kowa ake ba.

To amma inda na ga girman mutumin nan shi ne wajen bin waɗanda suka daina shan magani. Ku ma'aikata kun fi ni sani, matsalar ba fara magani ba ce, gama shi ne. Mutum in ya yi wata 2 tari ya lafa, jiki ya fara dawowa, damina ta faɗi ga noma na jira, ko kaka ta wuce samari sun ɗaura jaka za su cin rani Legas ko Abuja, shi ke nan sai a jefar da kati a ce an warke. Ƙwayar cutar kuwa tana nan ba ta mutu ba, in ta dawo sai ta iya dawowa ba ta jin maganin farko, a shiga wani dogon magani, a da ma har da allurai na watanni masu iya taɓa jin mutum. Baba Likita yana da wani babban littafi da ya rubuta sunan kowa da ƙauyensa da sunan mai unguwarsa, in ranar karɓar maganinka ta wuce bai gan ka ba zai aiko, in aike bai yi ba ka ga mutum da kansa a bayan babur ya sha ƙura har gira. Ba faɗa yake zuwa yi ba. Zai zauna a zaure ya sha ruwa ya tambayi gona sannan ya ce to ina katinka. Mai tafiya cin rani kuma ya rubuta masa takarda ya gaya masa duk garin da ya sauka ya nemi asibitin gwamnati mai ɗakin tarin fuka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Lokacin ambaliyar 2022 da ruwa ya raba mu da gari, a kwalekwale aka kawo wa marasa lafiyan yankinmu maganinsu, yana ciki da wandonsa a naɗe.

Ba tarin fuka kaɗai ba fa. Amai da gudawar 2021 da ta yi wa Jigawa ɓarna shi ya bi masallatai da kasuwanni yana koya wa mutane haɗa ruwan gishiri da sukari da tafasa ruwan sha. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya tara masu unguwanni ya ce duk yaron da ke ciwon maƙogwaro da kumburin wuya kar a kai shi a cire beli, a kawo shi asibiti da gaggawa, kuma a kai jarirai rigakafi. Ya yi murna sosai da sabuwar allurar sanƙarau mai kare iri biyar da aka fara yi a 2024, wadda Najeriya ce ƙasa ta farko da ta soma amfani da ita kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara, ya ce shi da ya ga 1996 da idonsa ya san darajarta.

Ranar jana'izarsa na ga Fulani daga rugage masu nisa, na ga masunta daga bakin kogi, mutane da yawa ba su san juna ba amma kowa da labarin yadda ya bi shi har gida. Gaskiya a ranar tsoro ya kama ni, na ce a raina shi ke nan ɗakin nan zai koma kamar sauran wurare, a zo a miƙa kati a karɓi ƙwaya a tafi ba mai tambayar wani.

Shi ya sa godiyar nan taku ce. Ba ku bar aikin ya bi shi ba. Littafin nan yana nan a kan tebur ana cike shi, tagogi a buɗe, Hajiya nas har yanzu tana sa mutum ya haɗiyi ƙwaya a gabanta tana masa hira, Malam na ɗakin gwaji yana kiran waya da kansa in sakamako ya fito don kar talaka ya kashe kuɗin mota a banza. A cikin watan da ya wuce wani dattijo maƙwabcina ya tsallake ranar maganinsa saboda yankan shinkafa, sai ga mai babur ɗinku a bakin fadama yana nemansa, ya jira shi ya gama ɗaure dami sannan ya ba shi. Na kuma ji cewa wani lokacin daga aljihunku kuke haɗa kuɗin man, wannan kuwa ba wajibinku ba ne, kuma ina roƙon masu hali na yankinmu da ƴan siyasarmu su dubi wannan babur ɗin, taya da mai ba wani abu ba ne a wajensu.

Ƙanena yanzu lafiyarsa ƙalau, ya yi aure har da ƴa, an yi mata allurar BCG ta rigakafin tarin fuka tun tana jaririya, kuma duk wanda ya ji yana tari ya haura mako 2 a ƙauyenmu shi ke ɗora shi a mashin ya kawo muku.

Allah ya jiƙan Baba Likita, ya sa aikin da ya yi ya zama sadaka mai gudana a gare shi, ya ba iyalansa haƙuri ya albarkaci bayansa. Ku kuma Allah ya tsare ku daga cututtukan da kuke wuni a cikinsu, ya biya muku buƙatunku, ya saka wa iyayenku da alheri.

Naku,
wani manomi daga yankin fadamar Haɗeja, a madadin mutanen ƙauyenmu.