Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Jinkirin Fara Allurar Insulin

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a matsayina na likita a ƙaramin asibiti, kan zargin da ake yi mana cewa muna jan ƙafa wajen ɗora masu ciwon sukari a kan allurar insulin, ko da metformin da sauran ƙwayoyi sun gaza.

Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma ba rashin sani ne ya jawo jinkirin ba. Mun san sukarin da ya daɗe a sama shi ke cin ƙoda da ido, ya mai da ɗan ƙurji a ƙafa gyambon da sai an yanke. Abin da ke riƙe mana hannu tsoro ne. Dattijon da ya zo daga ƙauye ba shi da na'urar auna sukari, balle kuɗin tsinken gwaji, kuma idan ya yi allura bai samu tuwon dare ba, sukarin ya faɗi cikin dare, gumi da kakkarwa su kama shi, iyalinsa za su ɗauka iska ce, ba za su ba shi ruwan sukari ba. A watan azumi fargabar ninkuwa take yi. Ga shi mutanenmu sun ɗauki allura a matsayin alamar ajali ya kusa, don haka sai mun yi dogon lallashi, alhali layi ya kai bakin ƙofa.

Sai batun ajiya. Insulin na buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe kwalbar, wutar kuwa kowa ya san halinta, shi ya sa muke koya wa majinyata sa ta a gefen randa.

Ranka ya daɗe, ka shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, ka san yawancin cibiyoyin nan jami'an lafiya na al'umma ne ke riƙe da su, ba likitoci ba. Roƙona shi ne a sa insulin da sirinji da tsinken gwaji cikin abin da asusun kiwon lafiya da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa yake biya, a horar da ma'aikaci ɗaya a kowace cibiya wanda zai zauna da majinyaci da iyalinsa ya koya musu allura da alamun faɗuwar sukari, sannan a ba mu gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, a kusa, domin a yanzu sai majinyaci ya je birni.

Na gode, ka huta lafiya.

Naka,
Wani likita daga karkara