Wasiƙa kan Summer da laifin da kake ɗora mata

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba. Na karanta saƙonka a kan fim ɗin (500) Days of Summer, inda ka ce Summer, budurwar da ke cikin labarin, mayaudariya ce, kuma ita ta sa fim ɗin bai kwanta maka ba. Ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ka fara duba yadda aka gina shi. Ƙaramin fim ne na Amurka, Marc Webb ya ba da umarni, aka fara haska shi a bikin fina-finai na Sundance a 2009, an kashe masa kimanin dala miliyan 7.5. Tsawonsa minti 95 ne, kuma kusan duk mintocin nan a cikin kan Tom, saurayin Summer, aka zaunar da mu. Shi ya sa kwanakin ba sa tafiya a jere. Lambar ranar da ke fitowa a allo takan yi tsalle daga ranar daɗi zuwa ranar baƙin ciki, kamar yadda mai ciwon so yake tuno abubuwa. Don haka Summer ɗin da ka tsana, Summer ce ta bakin saurayin da aka rabu da shi.

Ga abin da nake so ka yi. Ka sake kallo da biro a hannu, ka ƙirga fitowar da take ita kaɗai ba Tom a wurin. In ka cire ɗan guntun da mai ba da labari ya gabatar da ita, da wuya ka cika yatsun hannu ɗaya. Sannan ka tsaya a fitowar da ta kai shi ɗakinta, tana ba shi labarin mafarkinta, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ka saurara da kyau: an rage muryarta, an ɗora ta mai ba da labari a kai, domin hankalin Tom yana kan matsayin da ya samu, abin da take faɗa bai shiga kunnensa ba. Wannan aikin mai haɗa sauti ne, da gangan aka yi. Haka ma rana ta 290, ranar rabuwa. Da farko an nuna mana ita kamar saukar aradu. Sai da ƙanwarsa Rachel ta ce ya sake waiwayawa sannan aka dawo da ranar, muka ga Summer ta yi kuka a sinima, ya kai hannu a kantin faifai ta janye nata. Alamun suna nan, kallon kitse yake yi wa rogo.

Kuma tun farko ta faɗa masa ba ta neman soyayya mai ɗorewa, ta maimaita a kantin kayan ɗaki na IKEA. Ya ce ya amince. Son maso wani ne, kowa ya san ƙarshensa.

Inda nake tare da kai shi ne bikin auren abokiyar aikinsu, bayan sun rabu. Summer ta yi rawa da shi, ta yi barci a kafaɗarsa a jirgin ƙasa, ta gayyace shi liyafa, ba ta ce masa akwai wani ba. Sai a can, a fitowar da aka raba allo biyu, abin da yake fata a hagu, abin da ya faru a dama, ya hangi zobe a yatsanta. Wannan kam ba ta kyauta ba.

Amma kuskuren da ya fi girma na marubutan ne, Scott Neustadter da Michael H. Weber. In za ka rubuta mutumin da ba ya shiga rai, dole ka ba mai kallo abu biyu: abin da yake so, da abin da yake tsoro. Sun gaya mana iyayenta sun rabu, suka wuce. Ba mu ga ƙawarta ba, ba mu ga ranar da ta haɗu da mijinta ba, sai labarinsa da ta bayar a kan benci a rana ta 488. Fitowa ɗaya ta minti uku, ita kaɗai tana juya maganar a ranta, da ta rage mata maƙiya. Da aka hana ta, sai mai kallo ya cike gurbin da fushin Tom, har shi Joseph Gordon-Levitt da ya fito a Tom ya fito fili yana cewa son kai na wajen Tom ne.

In ka sake kallo, ka turo mini adadin da ka ƙirga. A gaida Madam da yara.

Naka har kullum,
Amininka